Tambaya da Amsa: Fulogi uku da suka ɓuya

Tambaya: Malam, bakanike ya ce sai ya sauke manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska, kafin ya canza fulogin Camry V6 ɗina, kuɗin aiki har ya ninka. Cuta ce? Mai karatu, Garwa.

Amsa: Ba cuta ba ce, Alhaji. A gicciye kamfani ya kwantar da injin, don gaban mota ya gajarta, kuɗin ƙira ya ragu. Sai silinda uku daga cikin shidan da injin V6 yake da su suka koma baya, manifol ɗin iska ya rufe su ruf. Hannu ba ya shiga.

Tunda an buɗe, a canza fulogin duka shida, a sa masu bakin ƙarfen iridiyam masu daɗewa. A toshe ramukan shigar iska da sauke manifol ya bari a buɗe da tsumma mai tsabta, kada noti ya faɗa ciki. Gaskit kuwa, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da injin, a sa sabo; tsohon yakan zuƙi iska, mota ta riƙa rawa a silo.