Kamfanin Bashi Na Waya Ya Tona Mini Asiri, Yana Da Wannan Ikon?

Malam, ka ce don ka makara da biya, manhajar bashi ta aika wa surukanka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Ba ta da wannan ikon. Bashi dai wajibi ne ka biya, amma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrinka, haka ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Tun shekarar ma Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin da ke wayar mutum.

Ka adana hotunan saƙonnin, ka kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka. Yaran kamfanin da ke kiranka da zagi, wallahi su ma abin tausayi ne, an ɗora musu adadin kuɗin da za su karɓo ko a sallame su.