Ina da shekara 37, in ajiye aikina in koyi tuƙin jirgin sama?

Tambaya: Malam, ni akanta ne, shekaruna 37, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ina yaro nake son in zama matuƙin jirgin sama, kuma har yau abin bai fita raina ba. Shin lokaci ya ƙure mini? In ajiye aiki in shiga makarantar koyon tuƙi?

Amsa: Lokaci bai ƙure maka ba, ɗan'uwa. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta yarda matuƙi ya ja jirgin fasinja tsakanin ƙasashe har ya cika shekara 65, muddin su biyu ne a gaban jirgin. In ka kammala horo kana da 40, saura shekara 25 a gabanka.

Amma ina roƙonka kada ka ajiye aikinka tukuna. Kafin ka biya kowace makaranta ko sisi, je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, a yi maka gwajin lafiya na aji na ɗaya, wato wanda ake yi wa matuƙan jiragen kasuwanci. Za a duba idanunka, jinka, zuciyarka, hawan jini, ciwon suga, da ko kana bambance launuka. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi, amma wasu cututtukan suna rufe ƙofar gaba ɗaya. Babu abin da ke sosa mini rai kamar mutum ya ƙarar da dukiyarsa a horo, sannan ya gano bai tsallake wannan gwaji ba. Kuma duk shekara ake sabunta shi, bayan shekara 60 duk wata shida.

Lasisin farko, na tuƙa ƙaramin jirgi don kanka, yana buƙatar awa 40 zuwa 45 a sama. Na kasuwanci, wanda da shi ake fara biyanka, wajen awa 200. Lasisin da ke ba ka damar zama kyaftin a kamfanin jiragen fasinja kuwa sai ka tara awa 1,500. A Turai ana ɗaukar mataimakin matuƙi da awa 200 ɗin nan, amma a Amurka tun 2013 galibi sai da awa 1,500, shi ya sa da yawa ke fara koyarwa don su tara awoyi. Ga horo na musamman kan samfurin jirgin da za ka ja, kamar Boeing 737 ko Airbus A320, ga jarrabawar Turanci.

Inda shekarunka za su yi tasiri shi ne tsarin fifiko. A yawancin kamfanoni ranar da aka ɗauke ka ce ke yanke komai: albashi, jadawalin tafiya, hutu, da lokacin da za ka zama kyaftin. Gogewarka ta akanta ba za ta shiga lissafi ba. Za ka zauna a kujerar hannun dama, wato ta mataimakin matuƙi, ƙarƙashin wanda ka girme shi da shekara goma, albashin farko kuma mai yiwuwa bai kai wanda kake karɓa yanzu ba. In aka zo rage ma'aikata, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona, sabbin shiga ake fara sallama.

Saboda haka shawarata ita ce ka bi hanyar daki-daki. Akwai makarantun da ke ɗaukar mutum gaba ɗaya na wata 18 zuwa 24, amma mai iyali ya fi dacewa da ɗaukar lasisi ɗaya bayan ɗaya yana kan aikinsa. Ka yi gwajin lafiya, ka biya kuɗin darasin gwaji na awa ɗaya ka ji yadda jikinka zai karɓi sama, sannan ka zauna da maiɗakinka ku lissafa wata nawa gidan zai iya tsayuwa babu albashinka. Ita ma ta san cewa aikin nan kwana a waje ne da shi, har ranakun da iyali ke taruwa. In ka samu lasisin farko sha'awar tana nan daram, a lokacin ne za ka fara tunanin takardar ajiye aiki.