Hukuncin dirowa daga jirgin sama da laima ga mai hawan jini

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Agege, shekaruna 41, ina sayar da wayoyi da kayansu a Ikeja, kuma nakan je Dubai saro kaya. A tafiyar da za mu yi nan gaba, abokaina uku sun shirya cewa idan mun gama sayayya za mu je a ɗauke mu a ƙaramin jirgi mu diro da laima, sannan mu yi yawon sahara a mota, idan lokaci ya ragu kuma mu gwada nutso a teku. Wani malami ya ce mana duk waɗannan haram ne domin jefa kai ne ga halaka, abokina kuma ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Akwai fom ɗin lafiya da ake cikewa kafin a hau jirgin. Shekara uku ke nan ina shan maganin hawan jini, amma abokina ya ce kada in rubuta, domin idan na rubuta za su nemi takardar likita. Ban kuma gaya wa mahaifiyata ba, domin na san hankalinta zai tashi. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya kuma ƙara maka lafiya. Ka jero wasanni uku kana neman hukuncinsu, amma abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne maganar da ka sako kusa da ƙarshe kamar ba ta da nauyi, wato maganin da kake sha da fom ɗin da aka ce kada ka cike da gaskiya. A kanta hukuncinka ya rataya. Halaccin wasa da motsa jiki da tafiya don ganin ƙasar Allah abu ne da ba a yi saɓani a kansa ba, matuƙar ba a haɗa shi da saɓo ba, saboda haka ba zan tsaya kawo maka dalilansa ba.

Zan fara da maganar malamin da ya haramta muku gaba ɗaya, domin ra'ayi ne da ya yaɗu, kuma masu shi mutane ne masu kishin rayukan Musulmi, sai dai ni ban ga ya tsaya da ƙafafunsa ba. Hujjarsu ta farko ita ce aya ta 195 a cikin Suratul Baƙara, inda Allah ya hana mu jefa kanmu ga halaka. An ruwaito cewa a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya wani Musulmi ya kutsa cikin rundunar Rumawa, mutane suka ce ya jefa kansa ga halaka, sai Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya yarda da shi, ya gyara musu, ya ce ayar ta sauka ne a kan Ansaru lokacin da suka yi nufin komawa gyaran dukiyoyinsu su bar ciyarwa da fita saboda Allah. Ban kawo wannan don in ce ayar ba ta shafi kasada da rai ba; lafazinta gamamme ne, kuma malamai sun kafa hujja da ita a kan haka. Abin da ruwayar take nunawa shi ne cewa abu ya ba mai kallo tsoro bai isa a kira shi halaka ba, sai an tabbatar da cewa halakar ce ta fi rinjaye a cikinsa. Hujjarsu ta biyu ita ce hadisin wanda ya faɗo daga kan dutse ya kashe kansa, wanda aka yi wa alkawarin azaba. Wannan hadisi yana magana ne a kan wanda ya nufi mutuwa, shi kuwa mai dirowa da laima ya biya kuɗi ne domin a sauko da shi lafiya, an ɗaure shi a jikin ƙwararre, akwai laima ta biyu ta ko-ta-kwana, akwai kuma na'urar da take buɗe ta da kanta idan aka kai wani nisa da ƙasa ba a buɗe ta farko ba. Wanda ya yi wannan tanadi ba a haɗa shi da mai neman ajalinsa.

Ma'aunin da malaman fiƙihu suka aje tun da daɗewa shi ne rinjayen kuɓuta. Shaihu Khalil, a babin aikin hajji na Mukhtasar, ya ce teku kamar tudu take, sai fa idan halaka ce ta fi yawa a cikinta, ko kuwa mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jiri da makamancinsa. Ka tuna cewa jiragen ruwan wancan zamani na katako ne da filafilai, suna nutsewa da mutane, amma bai haramta hawansu ba sai inda mutuwa ta rinjayi tsira. Idan aka ce wannan tafiya ce ta ibada ko ta fatauci, dirowa da laima kuwa wasa ne tsantsa, to Ibnu Hajar al-Haitami, daga cikin manyan Shafi'awa, ya faɗi a fili cewa wasanni masu haɗari sun halatta ga gwanayen da kuɓuta ta fi rinjaye a wurinsu. Mu ma a ƙasar Hausa ba mu taɓa jin malaman garuruwanmu sun haramta sukuwar dawaki a hawan salla ba, alhali kowa ya san doki yakan kayar da mahayi, a karye, wani lokaci ma a rasa rai. Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka ta lissafa mutuwar mutum 10 a shekarar 2023 cikin dirowa sama da miliyan uku da rabi. Wanda ya haramta abu mai irin wannan lissafi da sunan halaka, to sai ya gaya mana hukuncin hawan acaɓa a titunan Legas, da hukuncin motar dare daga Agege zuwa Kano, waɗanda dukkanmu mun san gidajen da suka yi zaman makoki a dalilinsu. Wasu kuma suna cewa takardar da ake sa wa hannu, cewa kamfani ba shi da alhaki idan wani abu ya faru, shaida ce cewa mutum ya yarda da mutuwarsa. Irin wannan takarda ake sa wa hannu kafin a yi wa mutum tiyata a asibiti, kuma ba wanda ya ce tiyata kisan kai ce.

Abin da na yarda da su a kai shi ne cewa buƙata tana faɗaɗa abin da ake jurewa na haɗari, wasa kuwa yana ƙuntata shi. Saboda haka wasannin da aka san suna cin ƙwararrunsu, irin su dirowa daga kan dogon bene ko goshin dutse da laima guda, da tashi da rigar nan mai fukafukai a tsakanin duwatsu, da hawan tsauni ba igiya, waɗannan haram ne ba tare da wani dogon bayani ba. Tsalle daga gada da igiyar roba, kamar wanda ake yi a gadar Bloukrans ta Afirka ta Kudu mai tsayin mita 216, yana bin ingancin wurin da masu kula da shi, kuma ni ina ƙin sa, domin igiya ɗaya ce tsakanin mutum da ƙasa. A ƙarshen shekarar 2011 igiya ta tsinke da wata 'yar Ostireliya a gadar da ke kan kogin Zambezi, Allah ya sa tana da sauran kwana.

Yanzu sai mu dawo kanka. Waccan kuɓuta da muka ce ta rinjaya, ta rinjaya ne a cikin mutanen da aka tace, waɗanda suka cika sharuɗɗan shekaru da nauyi da lafiya, kuma fom ɗin da kake shirin yi wa ƙarya shi ne rariyar da ake tacewa da ita. Ranar da ka rubuta cewa ba ka da hawan jini, ka fitar da kanka daga cikin waɗanda lissafin ya shafa, ka shiga wani hali da ba kai ba, ba abokinka ba, ba wanda ya san ƙarshensa sai Allah. Ana sakin mutum ne daga nisan da ya kai kimanin mita 4,000, inda iskar shaƙa ta fi ta ƙasa ƙaranci, ya yi kusan minti ɗaya yana faɗowa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa kafin a buɗe laima, kuma firgicin wannan lokaci yana sa zuciya ta buga da ƙarfi jini ya hau ko ga mai lafiya. Saboda haka hukuncin da nake ba ka shi ne: dirowa da laima ta halatta ga abokanka idan lafiyarsu ƙalau kuma wurin amintacce ne, amma a gare ka haram ce ta hanyar da ka bayyana, saboda ƙarya da yaudarar mutumin da zai ɗaure kansa a jikinka bisa abin da ka rubuta, da kuma kasada da rai a kan jahilci. Idan ka je wurin likitan da yake duba ka, ka gaya masa ainihin abin da za ka yi, ya auna ka ya rubuta maka takarda, ka kuma cike fom ɗin da gaskiya suka karɓe ka, to haramcin ya faɗi. Idan ya hana ka, hanin nasa ya zama hukunci a kanka, kamar yadda maganar amintaccen likita take sa mara lafiya ya aje azumi.

Ina faɗin wannan da nauyi a zuciyata, domin a bara na je duba wani ɗalibina, mai sayar da shanu, wanda bai kai shekarunka ba. Ya daina shan maganinsa saboda yana jin ƙarfi a jikinsa, kuma ba ya son abokan kasuwa su san yana da ciwo. Na same shi kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana so ya amsa mini sallama harshe ya ƙi, matarsa tana share masa yawu da gefen mayafinta, ɗansa ɗan shekara shida yana tsaye a bakin gado yana kallonmu. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma jin ƙarfi a jiki ba shaida ba ce cewa ya sauka. Maganar abokinka cewa ajali ba ya wuce lokacinsa gaskiya ce da aka aje a inda ba wurinta ba. Sayyidina Umar ya juya da mutane daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ina kuma ba ka shawara ka sake duba wannan aboki, domin wanda ya ce ka ɓoye ciwonka don kada shirin yawonsa ya lalace, ba shi ne zai ɗauki nauyin 'ya'yanka ba.

Nutso a teku da tukunyar iska yana bin wannan hukunci, domin shi ma akwai fom ɗinsa, kuma hawan jini yana cikin abin da ake tambaya. Ƙari a kansa, masana harkar sun hana hawa jirgin sama kafin a yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, ko awa 18 bayan nutso da yawa, saboda iskar da ta narke a cikin jini takan zama kumfa idan aka yi sama da wuri. Ku da kuke barin wasa sai ranar ƙarshe, bayan an gama ɗaure kaya, wannan ya shafe ku kai tsaye. Yawon sahara kuwa, matsalarsa ta fi yawa a sansanin da ake sauka da dare, inda aka saba kawo mata masu rawa da shisha, a wasu wuraren har da giya. Ku zaɓi na safe, ko ku sharɗanta a mayar da ku masauki kafin a fara. Ka nemi namiji ya zama wanda za a ɗaure ka da shi, ka rufe al'aurarka a bakin teku, kada kuma layin jiran jirgi ya cinye maka la'asar. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, to a mazhabarmu ta Malikiyya cika salla za ku yi.

Sauran abubuwa biyu ba ka tambaye ni ba, amma ba zan bar su ba. Kuɗin wannan dirowa ya haura dirhami 2,000, kuma na san yawancin masu zuwa saro kaya daga Ikeja da jarin wasu suke tafiya, ko na ubangida ko na abokan haɗin gwiwa. Idan daga cikin wannan jari za ka cire, bai halatta ba sai da izinin masu shi, kuma idan ana bin ka bashin da lokacinsa ya yi, biyansa ne a gaba. Idan kuɗinka ne na kanka, ka biya haƙƙin iyali, ba zan ce maka almubazzaranci ne ba, ko da yake ka tambayi zuciyarka ko saukowar kake so ko bidiyon da za a ɗora a TikTok.

Na biyu shi ne Hajiya. Ka ce ba ka gaya mata ba domin ka san hankalinta zai tashi, wanda yake nufin ka riga ka san amsarta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da mai neman fita jihadi zuwa ga iyayensa, to ina ga minti ɗaya na wasa a sararin sama. Idan likita ya ba ka izini, ka kira ta ka yi mata bayani da ladabi. Idan ta ce a'a, ka bari, domin barin halal don kwantar da hankalin uwa ibada ce da za a ba ka lada a kanta. Kada ka yi a ɓoye har wani ya nuna mata hotonka a waya kana faɗowa daga jirgi, domin tsoron da za ta ji a ranar ba zai ragu don an ce mata ka sauka lafiya ba. Ka riƙe maganinka a jakar hannu idan za ka tafi, ka sha shi a kan lokaci duk da bambancin awa uku da ke tsakanin Legas da Dubai, ka kuma rubuto mini abin da likitan ya ce. Allah ne mafi sani.