Maganin dajin fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi) da ke jiran a tashe shi

Malam, ka ce an rubuta wa mahaifinka Capecitabine, kana tambayar me ya sa ake cewa sai ya shiga jiki yake zama magani. Allah ya ba shi lafiya.

Haka ne. Ƙwayar tana shiga a kwance, sinadaran enzayim na jiki ne ke juya ta a matakai 3 har ta koma 5-FU, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin dajin. A hanta ake farawa, enzayim na matakin ƙarshe kuwa ya fi yawa a cikin ƙarin dajin.

Amma kada a ɗauka mai sauƙi ne don haɗiya ake yi. Yana jawo gudawa da ɗayewar tafin hannu da ƙafa. Ku tambayi likitan daji gwajin DPD, wato enzayim ɗin da ke karya 5-FU a jiki, kafin a fara, kuma ku sanar da shi idan Baba yana shan Warfarin, maganin hana daskarewar jini.