Kwamfutar kwas: wacce za a saya, me za a ɗora mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, an ce sai ta zo da laftop. Na leƙa wani shago, mai shagon ya ce in ba irin ta masu wasan gem ba, ba za ta ɗauki manhajojin da za su yi aiki da su ba. Kuɗin da ya yanka mini kuwa ya fi ƙarfina. Haka abin yake? Daga wani uba a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Mai shago kasuwarsa yake ci, kada ka biye masa. Tsadar kwamfutar gem daga na'urar sarrafa hoto take, ita kuwa mai koyon harsunan rubuta manhaja irin su Python ko Java ko C++ ba ta da abin yi da ita a shekarun farko. Ga nauyi, ga zafi, ga shan batir, alhali a Samaru za ta zauna, inda wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama.

In da ni ne, ta hannu zan nema cikin waɗanda aka ƙera don ma'aikata, irin su ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook, domin suna da juriya kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi, kada ya gaza 8GB. Ma'ajiyarta ta zama SSD, wato irin ta zamani mai sauri, ko da 256GB ce, ta fi tsohon faifai mai 1TB da za ka kunna ka tafi alwala ka dawo bai gama tashi ba.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen tambarin Core i5 da ke manne a jiki. I5 sunan ƙwaƙwalwar kwamfuta ne ta kamfanin Intel, tsara-tsara ne da shi. Ka sa a nuna maka cikakkiyar lambar: i5-4300U tsara ta 4 ce, i5-8250U ta 8, i5-10210U ta 10. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa daga tsara ta 8 ta fara karɓar na'urorin Intel a hukumance. Don haka daga 8 zuwa sama za ka nema. Tun kana shagon a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, nan za ka ga lambar da yawan RAM da irin ma'ajiyar da idonka. A zare caja, ku zauna kuna hira, ka ga yadda batir ke sauka. Yarinyar ta buɗe Notepad ta taɓa kowane maɓalli, musamman na baka-biyu da waƙafi mai ɗigo, don su ne abincin mai rubuta shirin kwamfuta. Wasu na hannun daga Faransa ko Jamus suke zuwa, haruffansu ba a inda aka saba suke ba. Chromebook kuwa, mai aiki da tsarin Google ba Windows ba, duk arharta, ka bar ta a shagon.

Tambaya: Na biya wani mai shago ya ɗora mini Python, amma in na rubuta python a baƙin allon nan na ba da umarni (Command Prompt) sai ta ce "is not recognized". Ya ce in kawo a goge Windows a sake, in ƙara kuɗi. Daga wata ɗaliba a Samaru.

Amsa: Ƙanwata, kada ki kai. Lafiyar Windows ɗinki ƙalau, kuma tun farko bai kamata ki biya ba, Python kyauta ce a python.org, nauyinta bai kai na ɗan gajeren bidiyo ba. Abin da ya faru shi ne Windows tana da jerin wuraren da take dubawa in an kira sunan manhaja, sunansa PATH, kuma ba a sa Python a ciki ba. Ki fara gwada rubuta py kawai, sau da yawa wannan yana amsawa. In bai amsa ba, ki cire Python ɗin, ki sauko da sabuwa. A shafin farko na girkawa, can ƙasa, akwai ɗan akwati da aka rubuta "Add python.exe to PATH" a gefensa. Ki danna shi kafin komai. Ki rufe baƙin allon, ki buɗe sabo, ki rubuta python --version. In lamba mai farawa da 3 ta fito, kin gama. In kin ga 2.7, tsohon kaya ya zuba miki daga falash ɗinsa, an daina kula da Python 2 tun farkon 2020.

Wajen manhajar da za ki riƙa rubuta shiri a ciki, IDLE da ke zuwa tare da Python ya ishe ki makonnin farko, daga baya ki ɗora VS Code. Ki lura, VS Code daban, Visual Studio daban. Na biyun gigabait da yawa yake ci, ɗalibai da dama sun ƙona datar wata a kansa a banza. Anaconda ma, wato Python da aka haɗa da tarin ƙarin kayan aiki, nauyi ne da ita, sai in lakcara ya ce ita yake so. Wannan ma shi ne abin da nake so ki riƙe: ki tambayi lakcara ko wakilin aji wace manhaja, wace lamba, ake amfani da ita a ɗakin gwaji, ki ɗora ita daidai. Ranar gwaji ba ranar koyon sabon allo ba ce. In kwas ɗin Java ya zo, JDK za ki ɗora, ba JRE ba, domin a JDK ne ake samun javac mai fassara shirinki. In C++ ne da Code::Blocks, ki zaɓi wanda aka rubuta mingw a sunansa, in ba haka ba za ki samu wurin rubutu babu mai fassarawa.

Tambaya: Abokina ya ba ni MATLAB, manhajar lissafin injiniyoyi, a falash, wadda aka fasa don ta yi aiki ba lasisi, ya ce sai na kashe antibairos kafin ta hau. In kashe? Daga ɗalibin injiniya a Zariya.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Duk abin da ya ce sai ka sallami mai gadi kafin ya shigo gida, ka san ba alheri ya kawo ba, kuma a kwamfutar nan kake shiga asusun bankinka. MATLAB ta kuɗi ce, ka fara tambaya a sashenku ko akwai lasisin ɗalibai. In babu, GNU Octave kyauta ce, tana karanta fayilolin .m, kuma lissafin matiris da zanen giraf na ƙananan azuzuwa duk tana yi. Simulink, ɓangaren MATLAB na kwaikwayon aikin na'urori, shi ne ba ta da shi, in aikin ya kai nan sai ka yi a ɗakin kwamfuta na sashe.

Tambaya: Ba ni da laftop tukuna, waya za ta yi? Daga wani ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli.

Amsa: Za ta riƙe ka na ɗan lokaci. Pydroid 3 tana gudanar da Python a Android, ka yi atisayen farko da ita, aikin da za a miƙa kuma ka ari ta aboki ka gwada shi kafin ka miƙa. Kuɗin da za ka sa a sabuwar waya wannan zangon, ka tara shi wajen laftop ta hannu.