Shagon Kyauta Na Sati Biyu A Ingila: In Nema Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ina zaune ne da maigidana a arewacin Ingila, ina ɗinka abaya da hijabai kuma ina haɗa turaren wuta da humra ina saidawa ta WhatsApp. Kwanaki naga sanarwa a wata babbar kasuwar zamani ta garinmu wai suna ba masu ƙananan sana'o'i da masu aikin hannu shago kyauta na sati biyu, ba kuɗin haya, kawai ka cike fom ka tura hoton kayanka. Maigida yace shi fa bai yarda ba, ba mai ba ka shago a banza a ƙasar nan. Dan Allah in nema ko in haƙura? Daga Maman Biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Biyu, Allah ya sa albarka a sana'a. Maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangaren, ruwa baya tsami banza, amma dalilin ba na cuta bane. A Ingila akwai harajin da ake biya kan ginin kasuwanci, in shago ya zauna ba kowa ana ɗaga wa mai ginin ƙafa na wata 3 ne, daga nan harajin ya dawo wuyansa ko sisi baya shigo masa. Ga kuma shaguna rurrufe suna korar mutane, layi in yayi shiru su ma maƙwabta masu biyan haya ciniki ja baya yake. To gara ya sa ki ciki ki kunna fitila ki jawo masa jama'a, ribarsa kenan.

Kuma abin ba yau aka fara ba. Garin Newcastle na Ostareliya, bayan kamfanin BHP ya rufe babbar masana'antarsa ta ƙarfe da ke garin a 1999 ga kuma mutane sun koma sayayya a manyan kasuwannin bayan gari, tsakiyar garin ta zama kufai, sai a 2008 wani Marcus Westbury ya kafa shirin Renew Newcastle suna aro shagunan da ba kowa daga masu su suna ba masu zane da ɗinki da sauran aikin hannu, bisa yarjejeniyar kwana 30 da ake ta sabuntawa, ranar da mai ginin ya samu ɗan haya ka tattara ka fita. Garuruwa da dama sun kwaikwaya.

Ni dai shawarata ki nema. Amma kafin ki taɓa fom ɗin nan duba bizarki, wannan shi yafi damuna wallahi, dan mutanenmu da yawa basu sani ba, mai bizar ɗalibi ba a yarda yayi sana'ar kansa ba sam, kuma saidawa ta WhatsApp ma sana'a ce. Baki faɗa min wace iri ce a hannunki ba, ki karanta sharuɗanta da kyau ko ki tambayi lauyan shige da fice, kar sati biyu ya jawo muku asarar zama.

Sai humra. Duk abin da ake shafawa a jiki dokarsu ta kayan kwalliya ta hau kansa, dole ƙwararre ya duba haɗin ya bada rahoton cewa ba illa, ayi rajistarsa, kwalba kuma ta ɗauki jerin abin da ke ciki. In baki yi wannan ba ki bar humrar tukuna, abayoyi da hijaban sun isa su cika miki shago. In kuma ranki ya raya miki ki ɗan ajiye cincin ko dambun nama a gefe, abinci sai kinyi rajista da kansil, wato ƙaramar hukumar garinku, kwana 28 kafin ki fara. Cinikin shekara in ya haura fam 1,000 kuma sai kin sanar da HMRC, hukumar harajinsu.

Ki tambaye su a rubuce, wa zai biya wuta, akwai kuɗin ajiya ne, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, dan wasu basa yarda ki kulle tsakar rana ki tafi ɗauko yara makaranta, sai kin samu mai tsaya miki. Galibi zasu nemi inshorar da ke biya in kwastoma ya ji rauni a shagon, wannan daga aljihunki ne. In wani yace ki tura kuɗi asusunsa na kansa dan ya riƙe miki wuri kar ki tura, ki taka da ƙafarki har ofishin masu kula da kasuwar ki ji daga bakinsu.

Kar ki ci bashi ki lafta kaya. Sati biyu ba zai miki kuɗi ba, abin da zai baki shine ki ga da idonki wane kala ake ɗagawa, wane farashi ake ajiye kaya a wuce, kuma ki samu kwastomomin da ba 'yan gida ba, 'yan Pakistan da Somaliya da Larabawa duk masu sa abaya ne. Ki tanadi ɗan injin karɓar kati irin SumUp tunda mutanen can basu cika yawo da tsaba ba, ki manna farashi a jikin kowane kaya dan basu saba taya ba, sannan duk wadda ta saya ki saka mata katinki mai lambar waya a leda. In suna barin ki zaɓi lokaci, nemi sati biyun ƙarshen azumi.