Kafin ka sa wa gidan Elmina farashi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka kashe kuɗi ka gyara gidan kakanku Alhaji da ke zangon Elmina a bakin tekun Ghana, an samu mai saye da ke son mayar da shi masaukin baƙi, kana tambaya ko al'ada ta hana sayar da gidan gado, kuma ko gyaran ya ba ka ikon yanke magana.

Allah Ya yi maka albarka da wannan aiki. Na ga sabon kwano, na ga tagogin alminiyam a madadin ƙarafan da iskar gishiri ta cinye. Wanda bai zauna bakin teku ba bai san yadda tsatsa ke gama rufi cikin 'yan shekaru ba. Amma gyara ba ya mayar da gidan gado na mutum ɗaya. Tun rasuwar Alhaji ba a raba gidan nan ba. Ina da kaso, gwaggwanninka biyu suna da nasu, kason mahaifinka kuma, da yake ya rasu bayan Alhaji, ya sauka kanku: mahaifiyarku tana da tumuni, sauran ku raba, namiji rabon mata biyu. Kuɗin gyaranka haƙƙinka ne, ni ne na farko da zan tsaya a fitar maka da shi kafin rabo. Ka adana rasit ɗin siminti da na kafinta.

Sayarwa ba haramun ba ce, iyayenmu dai suna jin nauyinta. A gidan nan aka yanke cibiyar ubanka, a zaurensa fatake suka sauka shekara da shekaru, daga ƙofarsa aka ɗauki gawar Alhaji. Shi ya sa ba a fara kai maganar gida kasuwa. Ana tara magada duka, maza da mata, gaban liman da Sarkin Zango, a kira masu sanin farashi su yi wa gidan ƙima, sannan a tambaya: a cikinku akwai mai iya saye? Wannan ba kara ba ce kawai. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai shuf'a: idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, ɗan'uwansa yana da ikon biyan wannan kuɗin ya karɓe kason. Wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Ka ga ko kasonka kaɗai za ka sayar, sai ka bi ta kanmu.

Abin da ya fi damuna gwaggonka babba ce. A ɗakin baya take tun da mijinta ya rasu, a tsakar gidan take ƙyafe kifin da take ci da shi. Idan aka miƙa mata kasonta a ambulan, ina za ta samu ɗaki kusa da inda jiragen masunta ke sauke kifi a bakin tafkin Benya? Tun 2019, da baƙi 'yan asalin Afirka suka yi ta tururuwa daga Amurka don ganin tsohon sansanin nan na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, masu neman gida a garin suka ƙaru. Ku da kuke waje kuɗin kuke gani, ita kuwa makwancinta ne.

Sai maganar ƙasa. Mu baƙi ne a bakin teku, 'yan ƙabilar Fanti ne masu ƙasa, kuma filaye da yawa a zango da baki aka ba kakanninmu su zauna. Ginin namu ne, filin sai an duba. A nemo takardun Alhaji, a bincika a hukumar filaye ta Cape Coast, a kuma je a gaida dangin da suka ba da wurin kafin su ji a bakin wani. In mai sayen ba ɗan Ghana ba ne, tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da hayar shekara 50 ba, gara ya sani tun yanzu.

Ra'ayina, a ba da ɗakunan gaba haya, a riƙa cire kuɗinka daga ciki har ka fanshe, gwaggo ta zauna inda take. In magada sun fi son sayarwa, ba zan tare hanya ba, muddin an fara yi mata matsuguni. Kada ka karɓi kafin alƙalami daga kowa. Zumunta a ƙafa take, ba a waya ba: ka zo da Babbar Sallah, zan sanar da liman da sauran 'yan'uwa. Ka gaida mahaifiyarka da iyalinka.

Baffanka